Ba Kowace Karkarwa Ce Cutar Parkinson Ba

Ran 19 ga watan Yuli na 1996, sa'ad da ake buɗe wasannin Olamfik a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, jama'ar duniya suka zuba ido a talabijin suna kallon Muhammadu Ali, tsohon zakaran damben duniya, riƙe da sandar wutar da ake kunnawa don buɗe wasannin. Hannunsa na hagu yana ta karkarwa, fuskarsa kuwa ta daskare kamar ba ta mutumin nan ba ce da ya ziyarci Gana da Nijeriya cikin 1964 yana ganiyar ƙuruciya, bakinsa ba ya hutawa da kirari. Mutane da yawa nan take suka yanke hukunci, suka ce ai naushin da ya sha a ka ne ya tashi yana bin bashinsa.

Tun cikin 1984 likitoci suka ce Ali yana da alamun cutar Parkinson, amma an daɗe ana gardama kan cewa ko ita ce ta ainihi, ko kuwa wata lalacewar ƙwaƙwalwa ce irin ta 'yan dambe mai kama da ita. Sai a 2022, shekara 6 bayan rasuwarsa, likitoci uku da suka san ciwonsa tun yana zuwa asibitin Jami'ar Emory ta Atlanta, watau Michael Okun da Helen Mayberg da Mahlon DeLong, suka fito da abin da suka sani. Suka ce karkarwar ta fi ƙarfi a gefe guda, maganin cutar Parkinson yana yi masa aiki, ciwon kuma ya tafi da shi sannu a hankali har fiye da shekara 30. Bugu da ƙari suka ambaci hotunan ƙwaƙwalwarsa guda biyu da aka ɗauka a 1997 da 1998, waɗanda suka nuna irin abin da aka saba gani ga masu cutar Parkinson ta ainihi. Ba su ce dambe ba shi da hannu ko kaɗan ba, amma sun tsai da sunan ciwon.

Mai karatu yana iya cewa mene ne amfanin wannan wahala, tun da dai karkarwa karkarwa ce. Amsar tana cikin labarin wani Bature ɗan Ingila mai suna Dudley Moore, shahararren ɗan wasan kwaikwayo kuma gwanin kiɗan fiyano, wanda ya yi suna ƙwarai a 1981 da wani fim da ya fito a matsayin attajiri mashayi. Da ya fara tangaɗi yana faɗuwa, harshensa kuma ya yi nauyi, sai mutane suka riƙa raɗa cewa giya ce ta ci shi, wasa ya zama gaskiya. Ba giya ba ce. Cikin 1999 aka gano wata cuta ce mai kama da Parkinson da likitoci ke taƙaita sunanta da PSP, ya kuwa rasu a watan Maris na 2002 yana da shekara 66. Ali ya yi shekara 32 a duniya bayan an faɗa masa ciwonsa, Moore kuwa kamar 3 kawai ya yi. Kama da wane dai ba wane ba ne.

ASALIN CIWON

Wani likitan birnin Landan, James Parkinson, shi ne ya fara bayyana cutar a rubuce cikin 1817, ya kafa hujja da mutum 6 kacal, waɗansunsu ma a kan titi ya gan su. Daga baya aka gane cewa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa inda ake yin wani sinadari mai suna dofamin, wanda shi ne ke sa motsin jiki ya tafi sumul. Idan ƙwayoyin wannan wuri suka soma mutuwa, sai mutum ya yi nauyin jiki, gaɓoɓi su sandare, hannu ya riƙa rawa in yana zaune ba ya kome, rubutunsa ya ƙanƙance, tafiyarsa ta koma gajeren taki. A 1967 wani likita a Amurka, George Cotzias, ya nuna cewa maganin lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya zama dofamin, yana tayar da marasa lafiyar da a dā ba su iya tashi daga kujera. Har yau shi ne babban magani.

To, ashe akwai waɗansu cututtuka da suke sa rigar Parkinson alhali ba ita ba ce, lebodofa kuwa ba ya yi musu aiki sai ɗan kaɗan, ko na ɗan lokaci.

Ta farko ita ce PSP ɗin nan, wadda likitoci uku na birnin Toronto ta Kanada, Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana a 1964 bayan sun bi ciwon mutum 9. Mai ita yakan fara faɗuwa tun cikin shekarar farko, sau da yawa ta baya, kamar an ture shi. Idanunsa sukan kasa duban ƙasa, har ya kasa ganin tuwon da ke gabansa ko matakalar da zai taka, sai ya yi ta zubar da abinci a riga ana cewa ƙazanta ce. Haɗiya takan gagara daga baya, abinci ya riƙa sarƙewa zuwa huhu, abin da ya fi kashe masu ciwon ke nan. Ta biyu ita ce MSA, wadda aka raɗa wa wannan suna a 1969, ma'anarsa kuwa shanyewar sassa da dama na ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Ita takan taɓa ayyukan da jiki ke yi ba da umurnin mai shi ba: jini ya sauka da zarar mutum ya miƙe tsaye har ya sume, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa, ƙarfin namiji ya tafi tun kafin a ga wata alama, wani kuma ya riƙa wani irin minshari mai ƙara da dare. Masu waɗannan biyu yawancinsu ba su wuce shekara 6 zuwa 10 daga fara ciwon.

Akwai ta uku wadda ba a cika samu ba, mai kama hannu ɗaya har mai shi ya ji kamar ba nasa ba ne. Ta huɗu kuwa, wadda ake jingina wa sunan wani likita Bajamushe, Lewy, takan haɗa nauyin jiki da ruɗewar hankali da gane-gane, tsoho ya riƙa ganin yara ko dabbobi cikin ɗaki alhali babu kowa. Ɗan wasan barkwancin nan na Amurka, Robin Williams, an ce masa Parkinson gare shi, sai da aka binciki ƙwaƙwalwarsa bayan mutuwarsa a 2014 aka ga wannan ce.

Kada a ɗauka cewa ƙananan likitoci ne kaɗai ke ruɗewa. A 1992 waɗansu masana a Landan, cikinsu har da Andrew Lees, suka buga sakamakon binciken ƙwaƙwalwar mutum 100 waɗanda aka ce cutar Parkinson gare su har suka mutu. Mutum 76 ne kaɗai aka tarar gaskiya ne. Sauran 24 wani ciwo ne daban, waɗanda suka fi yawa cikinsu kuwa PSP da MSA. Watau kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya shiga kabari da sunan cutar da ba tasa ba, a ƙasar da ba a rasa ƙwararru. An sami ci gaba tun daga lokacin, amma abin bai ƙare ba. Jesse Jackson, mai fafutukar 'yancin baƙar fata na Amurka, ya sanar a 2017 cewa yana da Parkinson, sai ga ƙungiyarsa a watan Nuwamba na 2025 tana cewa an tabbatar PSP ce.

LEƘA CIKIN ƘOƘON KAI

Kafin 1971 likita ba shi da hanyar ganin naman ƙwaƙwalwar mai rai sosai, gama hoton ƙashi da aka saba da shi ƙoƙon kai kawai yake nunawa. A wannan shekara ce aka fara gwada na'urar CT a kan marar lafiya a wani asibiti da ke Wimbledon ta Landan, ƙirar wani injiniya mai suna Godfrey Hounsfield, wanda aka ba kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Na'urar tana yanka hoton kai filla-filla kamar yankan albasa, tana nuna ƙari da zubar jini da taruwar ruwa. Amma gindin ƙwaƙwalwa, inda take haɗuwa da laka, ƙashi ya kewaye shi, hoton CT ba ya fita da kyau a nan, ga shi kuwa a nan ne waɗannan cututtuka suka fi ɓarna.

Na'urar MRI ce ta buɗe wannan lungu. Ita da maganaɗisu mai ƙarfi take aiki, ana tura mutum cikin wani bututu ya kwanta shiru kamar rabin sa'a ko fiye, injin yana ta ƙwanƙwasa kamar ana ƙira. Tilas a cire duk wani ƙarfe kafin a shiga, wanda kuma aka dasa wa na'ura a ƙirji ko yake da ɓarɓashin ƙarfe a jiki lalle ya faɗa tun da wuri.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne hoton MRI na yau da kullum na mai cutar Parkinson ta ainihi yawanci lafiya lau yake fitowa. Marar lafiya ya biya kuɗi masu yawa, a miƙo masa takarda an rubuta ba a ga kome ba, shi kuwa ga hannunsa yana rawa, sai ya fita yana ganin an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Wannan "ba a ga kome ba" ita kanta amsa ce, domin likita yana neman alamun sauran cututtukan ne, rashin ganinsu kuwa labari ne mai daɗi.

Alamun suna da sunaye masu ban dariya, gama likitocin hoto suna son kwatanta abin da suka gani da abin da suka sani. In aka dubi ƙwaƙwalwar mai PSP daga gefe, sashen sama na gindin ƙwaƙwalwa yakan shanye ya tsuke, sashen da ke ƙarƙashinsa, wanda ake kira gada, ya tsaya da ƙibarsa, sai siffar ta fito kamar ɗan tsuntsun nan na ƙasashen Amurka mai dogon baki mai shan ruwan furanni, ga ƙaramin kai ga tulun ciki. Likitocin Japan ne suka yayata wannan kwatanci a 2003. Ga mai MSA kuwa gadar ce ke shanyewa tare da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, in aka yanka hoton a kwance sai a ga farin layi biyu sun gitta juna a tsakiyarta, abin da ya tuna wa Turawa wani burodi nasu mai zanen gicciye da suke ci lokacin Ista, suka sa wa alamar sunansa. Wani lokaci kuma wata tsoka ce mai suna futamen, can tsakiyar ƙwaƙwalwa, take ƙanƙancewa ta yi duhu saboda taruwar sinadarin ƙarfe.

Da yake ido yana iya yaudara, wani ya ga tsuntsu wani bai gani ba, sai masana suka koma awo. Cikin 2008 wani ayarin likitoci na ƙasar Italiya a ƙarƙashin Aldo Quattrone ya fito da wani lissafi inda ake auna faɗin gada da na sashen da ke samanta, da kaurin jijiyoyin da ke haɗa su da ƙaramar ƙwaƙwalwa, a raba wannan da wancan, a sami adadi guda wanda ke hawa sama ga mai PSP. Aikin bai fi na rula da ƙididdiga ba, ana iya yinsa a duk inda aka sami hoto mai kyau da likita mai haƙuri. Martabar hoto ta ƙaru har ta kai a 2022 ƙungiyar likitocin cututtukan motsin jiki ta duniya ta sa doka cewa ba za a kai MSA matakin tabbaci mafi girma ga mai rai ba sai an ga aƙalla alama ɗaya a hoton MRI.

Sai dai akwai wani babban cikas wanda masu tallan na'urori ba su cika faɗa ba. Alamun nan ba su fitowa da wuri. A shekarar farko ko ta biyu, lokacin da aka fi bukatar amsa, hoton mai PSP ko MSA yana iya fitowa ba aibu, sa'ad da tsuntsun ya bayyana sarai kuwa sau da yawa ƙwararren likita ya riga ya gane ciwon daga tafiyar marar lafiya da ƙiftawar idonsa. Ganin alama hujja ce mai ƙarfi, rashin ganinta ba ya wanke mutum. Saboda haka ba abin zargi ba ne likita ya ce a sake ɗaukar hoto bayan shekara guda.

HOTON AIKI, BA NA SIFFA BA

Akwai wani jinsin hoto daban wanda ke nuna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai fitar da ɗan haske wanda ido ba ya gani, sinadarin ya tafi ya manne inda aka nufa, na'ura ta ɗauki hoton hasken. Ɗaya daga cikinsu, mai sunan ciniki DaTSCAN, an amince da shi a Turai a 2000, a Amurka kuma a 2011. Yana manne wa bakin jijiyoyin dofamin. Ga mai lafiya sai a ga haske biyu masu siffar waƙafi, dama da hagu, ga marar lafiya kuwa wutsiyar waƙafin takan ɓace ya koma ɗigo.

Mutane da yawa suna zaton wannan shi ne alƙalin ƙarshe, alhali kuwa ba ya iya raba Parkinson da PSP ko MSA, gama dukansu suna kashe jijiyoyin nan guda. Amfaninsa shi ne ware waɗanda jijiyoyinsu lafiya suke: mai rawar hannu ta gado wadda ke tashi in ya ɗauki kofin shayi, da wanda magani ne ya jawo masa nauyin jiki. Wanda ya fi iya raba 'yan'uwan junan shi ne hoton PET na sukari, irin wanda aka yi wa Muhammadu Ali a 1997, domin kowace cuta da wurin da take rage cin sukarin ƙwaƙwalwa. A Japan kuma an fi yawan amfani da wata dabara ta ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya, waɗanda sukan lalace ga mai Parkinson da mai cutar Lewy, amma yawanci suna nan daram ga mai MSA. Dukan waɗannan suna bukatar sinadarai masu saurin lalacewa da kuɗi masu yawa, ko a Turai ba kowane asibiti ke yinsu ba.

Lalle ne a faɗi gaskiya: har yanzu babu maganin da ke warkar da PSP ko MSA ko tsai da su. Duk da haka sanin sunan ciwon yana canza abubuwa da yawa. Iyali za su daina ƙarar da dukiya suna ƙara yawan ƙwayar da ba ta aiki. Ba za a kai marar lafiya a yi masa aikin dasa waya cikin ƙwaƙwalwa ba, wanda ke taimakon waɗansu masu Parkinson amma ba ya amfanin waɗannan. Za a shirya wa faɗuwa da sarƙewa tun kafin su zo, a sassauta abinci, a gyara ɗaki da makewayi, mutum kuma ya sami sarari ya kintsa al'amuran gidansa yana da bakin magana. Ga mai cutar Lewy kuwa abin ya kai na rai da mutuwa, domin magungunan taɓin hankali irin su haloferidol, waɗanda aka saba ba mai gane-gane, suna iya sandarar da shi ƙwarai har su halaka shi.

A NAN GIDA

A Nijeriya na'urar CT ta farko ta iso Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1987. Wani bincike da likitocin Ibadan suka buga a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma duka, 58 daga cikinsu a Nijeriya, fiye da kashi uku cikin huɗu na namu kuwa masu ƙaramin maganaɗisu ne, waɗanda ba su fito da ƙananan alamun nan da kyau. An ƙara samun sababbi tun daga lokacin, amma yawancinsu a manyan birane suke. A fannin nazari dai ba a bar ƙasar a baya ba, domin aikin da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta jagoranta tare da abokan aikinta na gida da waje shi ya gano a 2023 wani bambancin ƙwayar halitta mai ƙara haɗarin kamuwa da Parkinson ga mutanen da asalinsu Afirka ne.

Amma ga talaka, fa'idar hoto mafi girma tana wani wuri ne daban, watau kama abin da ke da magani. Akwai tsohon da tafiyarsa ta koma kamar ƙafafunsa sun manne da ƙasa, fitsari yana kufce masa, mantuwa ta yi yawa, a ce tsufa ne ko jifa, alhali ruwa ne ya taru cikin ƙwaƙwalwa, ana kuwa iya sa masa siririn bututu ya janye ruwan, waɗansu su miƙe. Akwai wanda jini ne ya kwanta ƙarƙashin ƙoƙon kansa bayan wata faɗuwa da aka manta da ita. Akwai mai hawan jini na shekaru wanda ƙananan jijiyoyin jini suka toshe masa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunsa suka yi nauyi hannuwansa kuwa lafiya, shi maganinsa kula da hawan jinin ne kafin ɓarnar ta ƙaru. Waɗannan duka ko na'urar CT takan nuna su, ba sai an kai ga mai tsada ba.

Akwai kuma wanda ba ya bukatar hoto ko ɗaya. Magungunan taɓin hankali irin su Largactil, da maganin amai mai suna metokulofiramid wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna toshe aikin dofamin, in aka daɗe ana sha sai mutum ya fito da kamannin Parkinson sak. In likita ya janye maganin a hankali, yawanci alamun sukan tafi cikin makonni ko 'yan watanni. Shi ya sa likitocin jijiya ke roƙon a zo musu da duk kwalayen magungunan da marar lafiya ke sha, tare da wani na gida wanda ke kwana kusa da shi, wanda zai iya faɗin yaushe ya fara faɗuwa, ta gaba ko ta baya, ko yana suma in ya miƙe, ko kuma yana dambe da ihu cikin barci. Da wannan bayani ne likita ke rubuta wa mai ɗaukar hoto inda zai duba, gama takardar da aka rubuta wa "a duba kai" kawai takan dawo ba tare da an auna gada ko an nemi tsuntsun ba.